Limfosait ya faɗi ana tsakiyar kimo da gashin kansar maƙoshi: tambayoyin da marasa lafiya da masu jinya suka fi yi

Wannan shafin na masu fama da kansar maƙoshi ne, wato bututun da abinci ke bi daga wuya zuwa ciki, da kuma masu jinyarsu, musamman waɗanda aka haɗa musu kimo, wato maganin kansa da ake sawa a jini, da gashi, wato haska ƙarin da na'ura, a lokaci ɗaya. Kusan duk wanda ya shiga wannan maganin zai ga wata lamba, ta limfosait, tana ta sauka a takardar gwajin jini sati bayan sati, kuma sau da yawa likita ga layi ya masa yawa bazai samu damar zama yayi dogon bayani ba, sai mutum ya koma gida hankali a tashe. Abinda ke nan don ku fahimci takardar ne kuma ku san abin tambaya, amma hukunci na likitan da yake ganin mara lafiyar ne.

Wai menene ma limfosait ɗin nan?

Ɗaya ne daga cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda a asibiti ake ce musu sojojin jiki. Fararen ƙwayoyin ba iri ɗaya bane. Akwai nutrofil, su suka fi yawa kuma su ke fara kai ɗauki idan bakteriya ta shiga jiki. Sai limfosait, su aikinsu yaƙar bairos da fangas da tarin fuka, su ke tuna cutar da ka taɓa yi ko rigakafin da aka maka, kuma suna cikin masu gane ƙwayar kansa su kashe ta. Su ma kashi uku ne, T da B da NK. CD4 ɗin nan da ake aunawa masu cutar HIV wani ɓangare ne na T.

A ina zan ga lambar a takarda? Lambobin sun min yawa.

Ɗauko takardar gwajin da ake cewa FBC. Zaka ga WBC a sama, wannan jimillar fararen ƙwayoyin ce gaba ɗaya. Ƙasa kaɗan zaka ga LYM sau biyu, ɗaya da alamar % ɗaya kuma da alamar #. Mai alamar # ɗin ita ake nema, don ita ce ainihin adadin. Yawanci ana rubuta ta kamar 1.5 ko 0.6, ka ninka da 1000 kawai, 1.5 na nufin 1500 kenan a kowane maikrolita na jini, 0.6 kuma 600.

Wasu dakunan gwajin kason kawai suke bayarwa, toh sai kayi lissafi da kanka. Misali WBC 3.0 ne LYM kuma 10%, kashi 10 cikin 100 na 3000 shine 300, adadin kenan. Dan Allah kar a ruɗu da kason, don zaka iya ganin 25% ka ce ai lafiya lau, alhali idan WBC ɗin 1.6 ne adadin 400 ne kacal. Kuma ku samu ɗan littafi ku dinga rubuta kwanan wata da lambobi huɗu duk sati, WBC da LYM# da NEU# wato nutrofil da PLT wato ƙwayoyin tsayar da zubar jini, saboda yadda lambar ke tafiya yafi lambar rana ɗaya amfani ga likita.

Nawa ne ƙasa, nawa ne kuma ƙasa sosai?

Babban mutum mai lafiya yana tsakanin 1000 zuwa wajen 4000 da wani abu, ya danganta da ɗakin gwajin. Likitocin kansa sun raba faɗuwar mataki huɗu. Mataki na 1 daga ƙasa da na lafiya zuwa 800, na 2 daga 800 zuwa 500, na 3 daga 500 zuwa 200, na 4 kuma duk abinda yayi ƙasa da 200. A wannan maganin kaiwa mataki na 3 abu ne da aka saba gani sosai, mafi yawan marasa lafiya suna kaiwa can kafin a gama. Na 4 ɗin shine wanda ake sa wa ido.

Me yake jawo faɗuwar, kimo ne ko gashin?

Duka biyun suna da hannu amma gashin ne babba, kuma wannan yana ba mutane mamaki saboda kowa ya san kimo da rage jini, gashi kuwa ana ganin ai wuri ɗaya ake haskawa.

Ga yadda abin yake. Limfosait yana cikin ƙwayoyin da suka fi kowanne rashin jure hasken gashi a jikin ɗan adam. Ana auna hasken da ma'aunin Gy, ana kiransa girei. Abinda bai wuce girei 1 zuwa 2 ba ya isa ya kashe rabin limfosait ɗin da ya samu. Ita kuwa kansar maƙoshi ana bata girei 1.8 kullum, Litinin zuwa Juma'a, har a kai 41.4 a zama 23 idan za'a yi tiyata daga baya, ko 50.4 a zama 28 idan gashin da kimon sune maganin gaba ɗaya. Kaga abinda ake bayarwa rana ɗaya ma ya kai na kashe limfosait.

Sai kuma inda Allah ya ajiye maƙoshi. Tsawonsa wajen santimita 25, ya ratsa tsakiyar ƙirji, zuciya a gabansa, huhu dama da hagu, babbar jijiyar jini a gefensa, ƙashin baya mai ɓargo a bayansa, idan kuma kansar a ƙasa take kusa da ciki toh saifa ma tana kusa, ita kuma saifa ma'ajiyar limfosait ce. Babu ta inda haske zai shiga ya kai ga kansar bai ratsa ɗaya daga cikin waɗannan ba. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne kuma zuciya tana tura kusan lita 5 ɗin a minti ɗaya, wato duk jinin jikinka yana bi ta zuciya da huhu kusan duk minti. Kamar ace ana feshin magani a lungu ɗaya tak a gari, amma lungun nan shine hanyar da kowa ke bi zuwa kasuwa, yau ya samu wasu gobe ya samu wasu, kafin sati biyar babu wanda bai shaƙa ba.

Kimon da aka fi haɗawa shine carboplatin da paclitaxel duk sati, ko cisplatin da 5-FU, suna danne ɓargo inda ake ƙera ƙwayoyin jini. Ga kuma dexamethasone da ake bayarwa kafin paclitaxel don kar jiki yayi bore, shima yana saukar da limfosait na ɗan lokaci. Ƙara da rashin cin abinci, wanda zamu zo kansa.

Toh faɗuwar na nufin kansar ta yaɗu ne ko maganin baya aiki?

A'a. Faɗuwar a tsakiyar magani daga maganin ne, ba alamar yaɗuwa bace. Yawanci tun sati na farko ko na biyu ake fara ganin saukar, tana kaiwa ƙarshen ƙasa a wajen sati na huɗu zuwa na biyar ko daf da gamawa. Hoto da kyamarar da ake zurawa a maƙoshi su ke nuna ko maganin yayi aiki, ba FBC ba.

Ɗana ya karanta a intanet wai waɗanda nasu ya faɗi sosai basa daɗewa. Gaskiya ne? Tun ranar bana barci.

Allah ya ba mai jiki lafiya, Hajiya. Bazan ɓoye miki ba akwai binciken da ya nuna alaƙa, amma yadda ake yaɗa shi a intanet yafi ainihin abinda aka gano ban tsoro.

A cibiyar kansa ta MD Anderson da ke Houston a Amurka an duba bayanan marasa lafiya 504 masu kansar maƙoshi da aka wa kimo da gashi, aka wallafa a 2017. Kashi 27 cikin 100 sun kai mataki na 4, wato ƙasa da 200, kuma a dunƙule wannan rukunin sakamakonsu bai kai na sauran kyau ba, kansar tafi saurin dawo musu. An samu irin wannan a kansar huhu da ta ƙwaƙwalwa da ta fankiriyas, likitocin Johns Hopkins sun daɗe suna rubutu a kai.

Amma ki lura da abu biyu. Na ɗaya, magana ake akan mataki na 4, ba kowace faɗuwa ba. Na biyu kuma wanda yafi muhimmanci, irin wannan binciken duba baya ne, yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, baya nuna ɗaya ne ya haddasa ɗaya. Su waye suka fi kaiwa mataki na 4? Masu babban ƙari da dole a haska wuri mai faɗi, masu shekaru, waɗanda dama lambarsu tana ƙasa tun kafin a fara, waɗanda kansarsu take ƙasan maƙoshi kusa da zuciya. Kinga wasu daga cikin waɗannan dama ciwonsu yafi nauyi ko da limfosait bai faɗi ba. Ƙididdigar ɗaruruwan mutane bata faɗa miki abinda zai samu mutum ɗaya, akwai waɗanda suka sauka ƙasa da 200 aka yi tiyata aka duba naman ba'a samu ƙwayar kansa ko ɗaya ba.

Kuma kar a manta maganin nan da ke saukar da lambar shi ne dai yake tsawaita rai. Gwajin CROSS da aka yi a ƙasar Holan, aka wallafa a 2012, ya kwatanta masu tiyata kaɗai da waɗanda aka fara yi wa kimo da gashi kafin tiyata, matsakaicin tsawon rayuwa ya tashi daga wata 24 zuwa wata 49. A nau'in kansar da ake cewa sikwamos, wanda shi aka fi samu a Afirka da Asiya, kusan rabin waɗanda aka wa tiyatar ba'a ga sauran kansa a naman da aka cire ba.

Ba gara a dakatar da gashin ba har jinin ya dawo?

Wannan ita ce shawarar da nafi jin tsoro a cikin duka, kuma daga ƙauna take fitowa, dangi sun ga mutum ya galabaita sai a ce a bari ya huta sati biyu. Dan girman Allah kar ku yanke wannan a gida. Limfosait baya dawowa cikin sati ɗaya ko biyu, don haka hutun bazai gyara lambar ba, ita kuwa kansar duk ranar da aka tsallake dama ce gareta ta sake yawa, musamman sikwamos. Galibi likitoci basa tsayar da gashi saboda limfosait kaɗai. Abinda suke dubawa kafin kimon kowane sati shine nutrofil da PLT, wato ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, da aikin ƙoda, idan waɗannan suka yi ƙasa sosai sai a ɗaga kimon ko a rage shi, gashin kuma sau da yawa a ci gaba.

Mu a nan muna da namu tsaikon da ba mu muka zaɓa ba, na'ura ta lalace, wuta, yajin aiki, kuɗi ya yanke, ko nisan hanya tunda cibiyoyin gashi ƙalilan ne kuma mutane daga jihohi da yawa suke taruwa a kansu. Idan hakan ta faru ku tambayi likitan gashi a ranar yadda za'a cike zaman da aka rasa ko a tura ku wata cibiyar da takardar tsarin gashin, kar a zauna ana jiran kira.

A ƙara masa jini mana, ƴaƴansa a shirye suke su bayar.

Ƙarin jini na jajayen ƙwayoyi ne, idan PCV ko himoglobin yayi ƙasa shine ake yinsa kuma yana da amfani a wurinsa. Baya ɗaga limfosait. Hasali ma limfosait ɗin wani ba abinda ake so bane a jikin wanda garkuwarsa ta raunana, don yana iya juyowa ya yaƙi jikin wanda aka sa wa, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba amma haɗarinsa yafi yawa idan jinin na ɗan uwa ne na jini. Don haka ƴaƴa su bayar a ajiye a bankin jini, ma'aikata su zaɓi wanda za'a sa.

Allurar nan da ake yi ta ɗaga fararen ƙwayoyi fa?

Filgrastim kenan. Nutrofil take ɗagawa, ba don limfosait aka yi ta ba, kuma ana kaffa-kaffa da ita a lokacin da ake haɗa kimo da gashin ƙirji. Zuwa yanzu babu wani magani da aka amince da shi don ɗaga limfosait a wannan halin, akwai wanda ake gwaji da shi mai suna IL-7 amma yana matakin bincike. Maganin ƙarin jini na kwalba da ake saya a kemis, da maltina da madara, da zoɓo, duk babu wanda zai motsa wannan lambar.

Toh abinci bashi da amfani kenan?

Yana da shi sosai, kawai dai ba ta hanyar da ake zato ba. Babu abincin da zai hana gashi kashe limfosait, amma yunwa da ƙarancin furotin su kansu suna saukar da shi kuma suna hana jiki sake ƙerawa. Mai kansar maƙoshi dama da rama yake zuwa asibiti saboda haɗiya ta gagara, sai kuma daga sati na biyu zuwa na uku gashin ya sa maƙoshin ya kumbura yana zafi, mutum ya ga abinci yana so amma tsoron haɗiya ya hana.

Abinda ke taimakawa shine kaɗan-kaɗan sau shida ko takwas a rana, mai laushi mai maiƙo. Kunun gyaɗa da aka zuba wa madarar gari da ɗan mai, alala mai taushi, ƙwai da ya dahu sosai a murƙushe, faten dankali ko na wake a markaɗe a tace, kifi a cire ƙaya a dama cikin miyar kuɓewa, fiya, ayaba. A bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, shayi ko koko mai tururi yana ƙara ƙona wurin, haka yaji da lemun tsami. Idan akwai maganin zafi na sha a bashi kamar rabin awa kafin cin abinci ba bayan ya gama wahala ba. A hau sikeli duk sati a rubuta a littafin nan.

Idan likita ya kawo maganar robar abinci, ta hanci ko ta ciki, kar a ɗauka alamar an fidda rai ne. Mutane da yawa suna ƙi saboda kunya ko tsoro sai ramar ta kai inda dole a tsayar da magani, alhali robar na wucin gadi ce a mafi yawan lokuta.

Ta ɓangaren tsafta kuma, nonon da ba'a tafasa ba a barshi tukunna, fura a dama da madara ko yogot na kamfani, ɗanyen ganye da salak na kan hanya da tsiren da ya kwana duk a haƙura, ruwan sha a tafasa.

Zogale da habbatus sauda da magungunan ƙarfafa garkuwa fa?

Zogale dafaffe a miya abinci ne mai kyau, a ci. Amma babu wata hujja cewa shi ko habba ko kwalaben da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp da sunan ƙarfafa garkuwa suna dawo da limfosait a lokacin gashi. Abinda nake jin tsoro shine jiƙo da sassaƙe da ba'a san abinda ke ciki ba, saboda cisplatin dama yana wahalar da ƙoda, hanta kuma ita ke sarrafa paclitaxel, idan aka ƙara musu wani nauyin gwaji zai lalace a ɗaga kimo. Duk abinda ake bashi, ko na Islamik kemis ne, a kai wa likita kwalbar ya gani, ba abin faɗa bane.

Wane irin ciwo ya kamata mu sa wa ido?

Zazzaɓi na farko. Ku sayi tamomita tun kafin a fara magani, bata da tsada. Idan ta nuna 38 ko sama, ko mutum yana rawar sanyi ko ya rikice ko numfashi na masa wuya, asibiti za'a tafi a lokacin ko da tsakar dare ne, kuma kalmar farko da zaku faɗa a imajensi ita ce ana masa kimo. Kar a bashi farasitamol a ce a ga safiya, kar kuma a wuce kemis a ce maleriya ce ko taifod. Tana iya zama maleriyar, a gwada, amma dole a haɗa da FBC, domin idan nutrofil ma ya faɗi toh ƙwayar cuta na iya shiga jini cikin awoyi kaɗan kuma ana so a fara allurar antibayotik cikin awa ɗaya da isowa.

Waɗanda suka fi alaƙa da ƙarancin limfosait kansa suna zuwa a hankali. Fari-fari a harshe da cikin kumatu da ƙarin zafin haɗiya, wannan fangas ne kuma yana da magani mai sauƙi, sau da yawa ana ɗauka zafin gashi ne kawai a ƙyale shi. Ƙuraje masu ruwa da zafi kamar wuta a gefe ɗaya na ƙirji ko baya ko fuska, wannan ƙwayar ƙarambau ce da ta kwanta tun yarinta ta farka, maganinta yafi aiki idan an fara cikin kwana uku. Busasshen tari da haki da ke ƙaruwa kullum, yana iya zama wani nau'in namoniya da ke kama masu raunin garkuwa, yana iya zama tarin fuka, yana kuma iya zama kumburin huhu daga gashin kansa wanda ke fitowa bayan wata ɗaya zuwa shida, hoto da gwaji ne zasu bambance. Wasu likitocin suna ba da Septrin na kariya idan lambar ta daɗe a ƙasa ko ana shan siteroid irin su dexamethasone na tsawon lokaci, ba kowa ake ba ba, kar a saya da kai don shima yana iya danne ɓargo.

Me yasa aka ce sai an min gwajin hanta da HIV kafin a fara? Ni ba abinda ya kawo ni kenan ba.

Ba zargi bane Malam, kowa ake yi wa. Ciwon hanta na B yana da yawa a yankinmu na Afirka ta Yamma kuma da yawa suna ɗauke da shi tun suna yara basu sani ba, garkuwar jiki ce ta danne shi, idan kimo ya raunana ta sai ƙwayar ta tashi ta illata hanta. Idan an sani tun farko akwai ƙwayar magani ɗaya a rana, tenofovir ko entecavir, da ke hana hakan. Mai HIV kuma CD4 ɗinsa zai sauka saboda gashin ko da yana shan magani daidai, ba wai maganin ya daina aiki bane, kar ya tsaya da sha, a dai haɗa likitocin biyu su san da juna. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ko akwai mai yi a gida shima ya faɗa.

Masu dubiya fa? Gidanmu baya rabuwa da mutane, ga jikoki.

Ba sai an kulle shi a ɗaki ba, kaɗaici ma ciwo ne. Amma mai mura ko tari ko yaro mai ƙyanda ko ƙarambau ya dakata tukunna, a gaisa ta waya. A ajiye ruwa da sabulu a bakin ƙofa, a buɗe taga, masu shigowa su zama biyu-uku ba ɗaki cike ba, a cunkoso kamar layin asibiti ko mota ya sa takunkumi. A samu mutum ɗaya a gidan mai iya magana ya dinga ba mutane haƙuri, saboda shi mara lafiyar kunya bazata barshi ya ce kar a shigo ba.

Gashin da ake yi daga waje baya barin haske a jiki, yana iya ɗaukar jikokinsa babu komai. Yara kuma a ci gaba da yi musu rigakafinsu, kariya ce gare shi ma, sai dai kar shi ya dinga wanke musu kashi, mai yi kuma ya wanke hannu da sabulu.

Shi kansa ana iya masa rigakafi?

Wanda babu ƙwaya mai rai a ciki, kamar na mura da na korona da na hanta B, ana iya yi, likita zai faɗi lokacin da ya dace. Mai ƙwaya mai rai kuma ba'a yi a lokacin kimo da watannin bayansa, kuma na cutar shawara yana cikinsu. Wannan ya shafi masu shirin fita Indiya ko Masar neman magani ko masu niyyar Umara da ake nema wa katin shawara, a yi maganar da likita tun da wuri.

Azumi fa?

A lokacin kimo da gashin maƙoshi jiki na buƙatar ruwa da abinci a kai a kai, musamman mai karɓar cisplatin. Mara lafiya yana da rangwame, a tambayi likita a tambayi malami.

Naji wai akwai gashin furoton da baya kashe limfosait. Mu sayar da fili mu tafi?

Yana rage kashewar, wannan gaskiya ne. Hasken furoton yana tsayawa a inda aka saita shi baya wucewa ta baya, don haka zuciya da huhu suna samun kaɗan. A wani binciken MD Anderson na 2018 da aka daidaita marasa lafiya biyu-biyu, kashi 40 na masu gashin da aka saba sun kai mataki na 4, masu furoton kuma kashi 18. Amma a gwajin da suka wallafa a 2020 inda aka raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, furoton ya rage wahalhalu da matsalolin bayan tiyata, tsawon rayuwa kuwa bayan shekara uku ya zo ɗaya a rukunin biyu. Babu na'urar a Najeriya ko Nijar, akwai a Chennai ta Indiya da Turai da Amurka, kuɗinta kuma mai yawa ne. A ganina idan neman biza da haɗa kuɗi zai sa a yi wata biyu ba'a fara komai ba, asarar jinkirin tafi ribar furoton ɗin. Wanda Allah ya hore wa kuma zai iya tafiya ba ɓata lokaci, ba laifi ya nemi shawara a kai.

Toh da na'urar da muke da ita akwai abinda za'a iya yi?

Akwai, kuma a wajen tsara gashin yake, kafin zaman farko. Bayan an ɗauki hoton siti, wato CT scan, na tsari, likita yana zana ƙarin da gaɓoɓin da ke kewaye a kwamfuta, masanin fiziks kuma ya lissafa ta inda haske zai shiga. Duk abinda ya rage hasken da ke sauka a zuciya da huhu da saifa da ƙashin baya, ko ya rage faɗin wurin da ake haskawa ba tare da an bar kansa a waje ba, yana rage wa limfosait asara. Kuna da haƙƙin tambaya cikin ladabi: likita zama nawa za'a yi kuma girei nawa, akwai tiyata bayan nan ko babu, nawa ne limfosait ɗinsa kafin mu fara, duk sati za'a dinga gwajin jini, wace lamba zamu kira idan zazzaɓi ya zo da dare. Ta ƙarshen nan a rubuta ta a bangon littafin.

Yaushe lambar zata dawo?

Tana fara hawa cikin makonni kaɗan bayan zaman ƙarshe, a wata ɗaya zuwa biyu yawanci an fita daga matakin haɗari. Komawa inda take tun farko kuwa yana ɗaukar watanni, wasu har shekara ko fiye basu kai ba, musamman dattawa, saboda gaɓar da ke horar da sabbin ƙwayoyin T a bayan ƙashin ƙirji tana ƙanƙancewa da shekaru. Don haka ganin 700 ko 800 bayan wata uku ba abin firgita bane in dai mutum yana ci yana samun ƙarfi.

Idan akwai tiyata, ana yinta galibi sati 4 zuwa 8 bayan gama gashi, kuma ita ma zata sake saukar da lambar na ɗan lokaci. Likitan tiyata yafi duba nauyin jiki da ƙarfin huhu da zuciya akan limfosait kaɗai, shi yasa makonnin nan na tsakani a dage da ci da ɗan tattaki kullum, mai shan taba kuma ya bari gaba ɗaya. Idan an duba naman da aka cire aka ga sauran kansa, akwai maganin nivolumab da ake bayarwa har shekara ɗaya, gwajin CheckMate 577 na 2021 ya nuna ya ninka lokacin da ake ɗauka kafin ciwon ya dawo daga wata 11 zuwa wata 22. Shi wannan maganin ta hanyar ƙwayoyin T yake aiki, yana da tsada sosai kuma ba ko'ina ake samu ba, amma ku tambaya ko ya dace da naku. Gwajin FBC kuma a ci gaba da yi a duk zuwa asibiti na bibiya, a tafi da littafin, idan bayan wata shida lambar tana ƙasa da 500 ko ciwuka suna ta maimaituwa a nemi likita ya duba CD4 da sauran dalilai.